Ƙafar Hagun Malamin Tuƙi

A garin nan, duk wanda ka gani yana tuƙi da hannu biyu a kan sitiyari, bayansa a miƙe kamar ya haɗiye sanda, ba sai ka tambaya ba, a hannun Malam Sauke-Ƙafa ya koya. Sunan ba na yanka ba ne. Ya samo shi ne daga kalma biyun da ya shekara talatin yana faɗa a cikin 'yar farar motarsa mai allon koyo a ka: "Sauke ƙafa." Ba ya ɗaga murya in zai faɗa, shi ya sa ma maganar ta fi shiga jiki. Akwai wani mai shagon magani da ya ce har yau in ya zauna a kujerar aski ya ɗora ƙafa a kan ƙarfen nan na ƙasa, sai ya ji muryar Malam a kunnensa, ya yi maza ya sauke.

Kuloci yake nufi. A wurin Malam laifin tuƙi guda ɗaya ne, sauran duk kurakurai ne da ake yafewa: mutum ya canja giya, sannan ya bar ƙafarsa ta hagu tana hutawa a kan matakin kuloci. Yakan ce kuloci faranti ne da ke haɗa inji da tayoyi. In ka taka ka raba su, in ka saki ka haɗa su. Amma in ka ɗora ƙafa kawai, ba ka taka ba, ba ka saki ba, to ka bar farantin yana gogawa yana cin kansa, kamar takalmin da ake ja a kan kwalta. "Ko ka taka, ko ka sauke," in ji shi. "Kuloci ba matashin kai ba ne." Maganar kuwa gaskiya ce, babu bakaniken da zai musa.

Ba da koyarwa ya fara ba. Da wankin mota ya fara a tasha, ya zama kwandasta, sannan ya shekara tara yana jan babbar motar kaya, har bayansa ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, matarsa kuma ta ce ta gaji da auren mutumin da 'ya'yansa ke gaishe shi kamar baƙo. Sai ya ajiye babbar mota ya sayi ƙarama. Aka sa mata birki na biyu da kuloci na biyu a gefen fasinja, aka haɗa su da na direba da sandar ƙarfe, yadda in ɗalibi ya rikice, malami zai iya ƙwace motar da ƙafa ba tare da ya taɓa sitiyari ba. Ya kama ɗaki ɗaya manne da shagon ɗinkin matarsa, ya sa tebur da benci da allon alamomin hanya da ya zana da hannunsa. Alamar dabbobi na tsallaka titi ta fito masa kamar tebur mai ƙaho, amma ba ɗalibin da ya taɓa samun ƙarfin halin faɗa.

A watansa na biyu, wani ɗalibi, akawu mai gilashi, ya saki kuloci gaba ɗaya a bakin kasuwa. Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta faɗa rumfar mai sayar da tangaran. Ba wanda ya ji ciwo. Amma ƙarar kofuna da kwanukan nan da suka tarwatse ta yi mako tana yawo a kunnen Malam. Bai gaya wa kowa irin tsoron da ya ji ba. Ya dai ce a ransa ba za a ƙara ba, ba a kuwa ƙara ba. Shekara talatin motarsa ba ta shafi ko kaza ba.

Sai dai tana cin kuloci. Motar farko ta ci, ta biyu ta ci, wannan ta ukun ma ta gaji halin yayyenta. Malam kuwa ya san dalili, ɗalibai ne. Duk lokacin da aka cire ƙonannen faranti a gareji, sai ya karɓo abinsa, ya zauna a tebur ya yi nazarin wanda ya fi kowa nauyin ƙafa a cikin ɗaliban wannan lokacin, ya rubuta sana'arsa a 'yar takarda, ya liƙa a jiki, ya rataye a ƙusa a bangon ofis. Dokarsa, wadda shi ya kafa ba wanda ya sa shi, ita ce duk wanda ya hau bango ya gama karatu a nan, kuma babu sa hannun Malam a takardar jarrabawarsa. Faranti ashirin da biyu ne a bangon. Akwai "Mahauci", akwai "Malamar firamare", akwai "Mai gyaran agogo", wanda ranar da aka sallame shi ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa shi mutum ne da ke aiki da abin da bai kai kan allura ba, ta yaya za a ce ƙafarsa ta yi nauyi. Malam ya ce masa ai da hannu ake gyaran agogo. Sabon ɗalibi in ya zo, sai ya tsaya minti biyar a gaban bangon nan kafin a nuna masa ko ƙofar mota. Wasu a nan suke canja shawara su koma sayen keke.

Matarsa tela ce, shekara talatin da biyar a kan keken ɗinki na ƙafa. Bangon da ke tsakanin shagonta da ofishinsa katako ne, don haka duk karatun tuƙin da aka yi a duniya ta ji shi, har in sabon ɗalibi ya kasa amsa tambaya sai a ji ta amsa daga can ba tare da keken ya tsaya ba. Ba ta taɓa neman koya ba, shi ma bai taɓa yi mata tayi ba. Sai bana, da 'yarsu ta samu aiki a nesa ta bar ƙaramar motarta a tsakar gida a ƙarƙashin tamfol. Matar tana ɗinka kayan makaranta ga wata makaranta da ke kan tudu, can bayan tankin ruwa, kuma duk ranar kai kaya sai ta jira Malam ya sallami ɗalibansa, ya sha shayi, ya goge gilashi, ya zagaya mota sau biyu yana duba tayoyi.

Wata Litinin da safe sai ga ta ta shigo ofis, ta zauna a benci tsakanin ɗalibai uku, jaka a kan cinya.

"Lafiya, Maman yara?" in ji Malam.

"Karatu na zo."

"Wane karatu?"

"Wanda kake koyarwa. Ko ya ƙare?"

Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Malam ya ga ba damar ƙi a gabansu, sai ya gyara murya ya ce ta sani, a cikin mota babu mata, sai ɗaliba.

"Madalla," in ji ta. "Ni ma babu miji, sai malami. Kowa ya huta."

Ta koya da sauri, saurin da ya ɗan ɓata masa rai. Mutanen da ya saba da su sukan yi mako suna kashe mota a wuri ɗaya, ita kuwa ranar farko ta gano inda kuloci ke kamawa, ta ce ai kamar keke ne, sai ka ji abu a tafin ƙafarka kafin ka gani da ido. A mako na bakwai aka sa mata ranar jarrabawa, Alhamis ta sama. Takardar tana cikin jakarta, sa hannun Malam kawai ya rage.

Ranar Asabar suna hawan tudun tankin ruwa a giya ta huɗu, ta ƙara totur. Inji ya yi kuka, allurar gudun inji ta haura, amma motar ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. Ta ƙara, inji ya ƙara kuka, mota tana tafiyar mai ciwon baya. Wani mai kai burodi a keke ya wuce su, har ya waiwayo ya gaishe da Malam. Sai wani wari ya cika motar.

"Kamar an manta dutsen guga a kan riga," in ji ta.

Malam ya san warin nan kamar yadda ya san warin ɗakinsa. Ya sa ta ta sauka gefen titi, sannan ya ce, "Kin kashe shi."

"Ƙafata tana ƙasa."

"Haka Mahauci ya ce."

Kafin su isa gida ya gama haɗa bayani. Ƙafar tela, a cewarsa, ƙafa ce da ba ta san zama ba. Shekara talatin da biyar tana sama tana ƙasa, ya za a yi ta ga mataki ta ƙyale shi? Ba laifinta ba ne, laifin sana'a ne. Ya faɗi haka da taushi, yana ganin ya yi mata adalci.

Kada a ɗauka Malam ya ji daɗi. Ya zauna a ofis yana kallon bango, bango yana kallonsa. In ya ƙyale matarsa, mutum ashirin da biyu za su ji labari, kuma Malamar firamare ba ta rasa baki ba. In ya rataye ta, ba sa hannu, ba jarrabawa, kuma ba wani malamin tuƙi a garin da zai karɓe ta, don dukansu yaransa ne, har yau in sun gan shi sai su ɓoye ƙafar hagu. Ya auna, ya sake aunawa, doka ta rinjaya. Da la'asar ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa ta ashirin da uku. Ƙusar ta yi tsawo, ta huda katakon ta ɓullo a shagon ɗinki, dab da kalanda. Matar ta dube ta, ta cire igiyar awo daga wuyanta ta rataye a tsinin, ta ci gaba da ɗinki.

Ranar Litinin ya kai mota gareji, ita ma ta biyo shi, ta ce tunda ita ta yi kisan, gara ta ga gawar. Bakaniken sa'an Malam ne, tare suka yi wankin mota a tasha tun ba su da gemu. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan goge hannu da tsumma. Farantan nan ashirin da biyu duk shi ya cire su.

"Kuloci ne," in ji Malam tun kafin ya rufe ƙofa. "Kuma na san wanda ya yi."

"Ai kullum ka sani," in ji Bakanike. "Sannu da zuwa, matar yaya. Yau har da ke?"

"Ni ce mai laifin, Baban gareji."

Bakanike ya ajiye tsumma. Duk da an riga an gaya masa cutar, sai da ya yi gwajinsa kamar ba a faɗa ba. Ya shiga ya ja hambirki har ƙarshe, ya tada inji, ya sa giya ta huɗu, ya riƙa sakin kuloci a hankali. Ya juyo ya ce da ita, lafiyayyar mota a nan take mutuwa, don inji ya kama tayoyin da ba su iya juyawa. Wannan kuwa ya saki ƙafa gaba ɗaya, inji yana ta gurnaninsa kamar ba da shi ake ba. Ya kashe, ya durƙusa ya danna matakin da yatsa biyu, yana neman ɗan wasan da ya kamata a samu kafin ya yi tauri. Babu. Ya buɗe gaba ya duba wayar kuloci ko za a iya sassauta ta a tsira, ya ga an riga an sassauta har zaren notin ya ƙare. Ya shiga rami da fitila ya leƙa mahaɗar inji da giyabos, ko baƙin mai ne ke ɗiga yana jiƙa farantin, don wani lokacin mai ne ke sa santsi, ba ƙafar kowa ba. Wurin a bushe yake ƙayau.

"Sai an sauke giyabos," in ji shi.

Aikin rabin yini ne. Malam ya zauna a benci ya naɗe hannu, matarsa kuwa ta ja kujera bakin rami tana kallon yadda Bakanike da abokin aikinsa ke kwance notuna suna jera su a kan kwali bi da bi, ta ce ashe su ma kamar masu farke riga suke, sai an tuna inda kowane ɗinki ya fito. Da azahar giyabos ya sauka. Bakanike ya ciro farantin ya ajiye a kan teburin aiki. Shimfiɗar jikinsa ta cinye har ƙusoshin da ke riƙe da ita sun fito suna ƙyalli. Babban ƙarfen injin da farantin ke mannewa a jikinsa ya yi tabo shuɗi-shuɗi saboda zafi. Sai ya ciro wani ɗan boris mai kamar awarwaro, ya kaɗa shi kusa da kunne, ya yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Matar ta ɗauki farantin ta juya shi kamar tana duba yadi.

"Baban gareji, mako bakwai na iya cin wannan?"

"Ko da guduma kike tuƙi, a'a. Wannan cin wata goma ne ko fi. Kullum kaɗan-kaɗan."

"Na baya sun fara, ita ta ƙarasa," in ji Malam daga benci.

Bakanike ya nuna mata boris ɗin. Ya ce wannan ba ya aiki sai an ɗora ƙafa a mataki, yana taɓawa ya koma ya huta. Amma wannan da take gani bai taɓa hutawa ba. Akwai ƙafar da ke kansa tun daga fita har dawowa.

"Wace ƙafa?" in ji ta.

Bakanike ya daina goge hannu. Shekara talatin ana kawo masa motar nan da amsa a baki, ba wanda ya taɓa kawo masa tambaya. Ya dubi abokinsa, ya dubi matar abokinsa, sannan ya tafi wurin motar ya sunkuya, ya ɓamɓaro robar matakin kuloci na gefen direba, ya zagaya ya ɓamɓaro ta gefen malami, ya kawo su ya ajiye kusa da juna. Ta direba ta suɗe ko'ina daidai, tsakiya da gefe, aikin ƙafafu ɗari masu girma daban-daban. Ta malami kuwa lafiyarta lau, sai kusurwa guda ta ƙasa da ta lotse ta yi sumul har ƙarfe ya leƙo, wuri ɗaya, fasali ɗaya.

Malam ya taso. Ya ce ai dole, matakinsa ne, da shi yake ceton rayukan jama'a.

"Sau nawa a rana kake ceton?" in ji Bakanike.

"Biyu. Uku in ɗalibi sabo ne."

"Birkin gefenka fa?"

"Shi ma haka."

"Je ka duba robarsa. Har zanen kamfani bai goge ba."

Malam bai je ba. Ya ce abin kunya ne mutum ya tsufa a gareji bai san da wa yake magana ba. Shi ne fa ya koya wa garin nan sauke ƙafa. Da maganar gaskiya ce, me ya hana a faɗa tuntuni?

"Na faɗa," in ji Bakanike. "Shekarar farantin Mahauci. Ka yi mini karatun awa guda a kan yadda kuloci ke aiki, ina tsaye da kuloci a hannuna. Daga nan na ce mota aka kawo mini gyara, sai na tsaya a kan mota."

"Ƙafata a ƙasa take zama. Ni ke da ita, ni na san inda take."

Matar ta buɗe jakarta tana lalube. Ta ciro shuɗin allin da take zana yadi da shi, ta ɗaga.

"Ni dai in na yi shakkar inda zan yanka, ba na musu da almakashi, alli nake sawa. A gama gyara, in shafa wa matakinka. Mu zaga gari mu dawo. In takalminka ya fito fes, ni da hannuna zan rubuta 'Tela' in liƙa."

Malam ya ce ya yarda, ya ma ƙara da cewa a shafa da yawa.

Washegari da hantsi mota ta haɗu. An sa sabon faranti da sabon murfin da ke danne shi da sabon boris, an kai babban ƙarfen wurin masu goge ƙarfe an share tabon. Bakanike ya daidaita wayar har wasan yatsa biyun nan ya dawo, ya ja hambirki ya sa giya ta huɗu, yana sakin ƙafa inji ya mutu nan take. Ya gyaɗa kai. Matar ta durƙusa ta goga alli a matakin Malam har ya yi kauri kamar fenti. Malam ya goge tafin takalminsa da tsumma, ya ɗaga wa kowa ya gani, har abokin aikin Bakanike da ba ruwansa. Ya shiga, ya ajiye ƙafar hagu a ƙasa, can nesa da mataki, ya ce su shaida. Bakanike ya zauna a baya.

Ta ja mota. Tudun tankin ruwa ya zo, ta sa giya ta huɗu ta ƙara totur, motar ta haye kamar an biya ta. Malam ya ji daɗi a ransa, ya kuma ji ƙafarsa tana nan inda ya ajiye ta, lafiya lau. Suka gangaro suka nufi bakin kasuwa. Rumfar tangaran tana nan inda take, sai dai jikan mai ita ne yanzu a ciki, kofuna jere har bakin titi. Wata motar kaya tana ja da baya, wata mata tana tsallakawa da buhu a ka, mai babur ya kutso ta inda ba hanya. Matar ta rage gudu, ta sauko giya ta biyu, ta jira, ta wuce. Malam yana kallon kofunan nan har suka ba su baya. Bai taɓa jin kansa a natse irin na yau ba.

"Sauke ƙafa," ya ce, don baki ya saba.

"Tana ƙasa, Malam."

Suka dawo gareji, ta tsaya daidai inda ta ɗauka, ta ja hambirki. Malam ya buɗe ƙofa ya fito da ƙarfin gwiwa, ya taka zuwa benci don ya zauna ya ɗaga musu takalmi. Daɓen garejin baƙi ne wuluk saboda mai na shekaru. Da ya juyo zai zauna, sai ya ga ba shi suke kallo ba, ƙasa suke kallo. Daga ƙofar mota har benci akwai sawu shuɗi, ɗaya nan, sai a tsallake taku, sai wani, yana ɗan dusashewa. Duk na hagu.

Ya zauna. Ya cire takalmin ya juya shi. Ban da allin, akwai wani ɗan kwari a gefen tafin, sumul, wanda ya daɗe yana gani yana ɗora wa mai gyaran takalmi laifi. Bakanike ya ɗauko tsohuwar robar nan ya ɗora kusurwarta a kwarin. Ta zauna ɗas kamar an auna.

"Takalmin ne ya yi mini yawa," in ji Malam.

"Shekara talatin?" in ji Bakanike.

Kofunan nan ne suka dawo wa Malam, na farkon, na ranar akawu mai gilashi. Ashe tun ranar ƙafar ta hau ba ta sake sauka ba, tana gadi ita kaɗai, ba ta gaya wa mai ita ba. Ya dubi ƙafar, safa har ta huje a babban yatsa, kamar yau ya fara ganinta.

Matarsa ba ta yi dariya ba, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Ta ciro takardar jarrabawa da biro ta shimfiɗa a kan bonet.

"Malam, wurin sa hannu na ƙasa ne, gefen dama."

Ya taso da takalmi ɗaya ya sa hannu. Bakanike ya naɗe ƙonannen farantin a tsohuwar jarida kamar yadda ya saba, ya miƙa masa.

"Ga kayanka. Wa za a rubuta?"

"Kai dai mota aka kawo maka gyara," in ji Malam.

Ranar Alhamis jami'in jarrabawa ne ya zauna a kujerar Malam, shi kuwa aka bar shi a bakin ƙofar filin. Mai gadi ya ce tun da motar ta tashi har ta dawo, tsohon nan yana tsaye da ƙafar hagu a kan wani dutse yana danna shi, har ya so ya tambaye shi ko dutsen ya yi masa wani abu. Matar ta ci jarrabawa. Da la'asar ta yaye tamfol daga motar 'yarta, ta loda kayan makaranta a baya, ta ce ko zai raka ta. Ya leƙa gefen fasinja, ya ga ba mataki ko ɗaya, fili ne kawai. Ya ce yana da aiki a ofis.

Farantin ya hau ƙusa ta ashirin da uku, ba takarda a jikinsa. Sabon ɗalibi in ya tambaya na wane ne, sai Malam ya ce na wani ne da ya daɗe a makarantar, a wuce wurin. Bakanike bai gaya wa kowa ba, amma abokin aikinsa ba a haife shi da irin wannan haƙurin ba. Kafin mako ya zagayo Mahauci ya aiko a ba shi farantinsa, ya ce zai rataye a rumfarsa. Malamar firamare ta zo da kanta, ba ta karɓi komai ba, ta dai tsaya minti biyar a gaban bangon, ta sa Malam ya tsaya tare da ita.

Na ƙarshen zuwa Mai gyaran agogo ne. Kansa ya yi fari, ya jingine keken da ya shekara goma sha huɗu yana hawa a bakin ƙofa. Bai ce komai a kan faranti ba. Ya ce darasi uku ya rage masa lokacin da aka sallame shi, ko suna nan?

Malam ya ce suna nan.

Yanzu in ka ga farar motar nan ta wuce, za ka ga Malam a gefensa ya cire takalmin hagu ya riƙe a cinya, ya naɗe ƙafar ya zauna a kanta. Yana gaya wa ɗalibai sabon tsarin koyarwa ne, na zamani, ba kowane malami ya kai nan ba tukuna. Ranar darasin farko na Mai gyaran agogo, sun zo bakin kasuwa, ya canja giya, sai Malam ya ce a hankali, "Sauke ƙafa."

Mai gyaran agogo bai dubi tasa ba. Ya rage gudu, ya juyo a natse ya dubi ta Malam, ya tabbatar tana nan a naɗe, sannan ya mayar da ido kan titi.